Hattara da masu tallan tirelar juye ta famfon hannu a Facebook

Assalamu alaikum jama'ar Gadarif, Kasala, Madani, Sinnar, Mai Wurno da Damazin a nan Sudan, da 'yan'uwanmu na Jidda da Makka masu aiko wa gida kuɗi. Wasu mutane sun fito da tallan ƙaramar tirelar juye kaya, irin wadda ake ɗaga akwatinta da famfon hannu, suna yaɗawa a Facebook da zaurukan WhatsApp na unguwanni. Don girman Allah kada kowa ya tura musu ko fam ɗaya da sunan kafin alƙalami. Ni mai walda ne, kuma ɗaya daga cikin tirelolin da suka sayar ta zo hannuna, na kwance ta, na ga abin da ke ƙarƙashin fentin.

Da bidiyo suke farawa. Tirela sabuwa fil, cike da yashi, wani saurayi yana buga famfo da hannu ɗaya, kafin ka ƙifta ido akwati ya tashi, yashi ya zube tas. Duk wanda ya natsu ya kalli bayan hoton zai gane ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba: ciyawar, ginin gidajen da lambar motar da ke gefe duk na wata ƙasa ne. A ƙasan bidiyon sai su rubuta cewa tana ɗaukar tan 5, tarakta na ja, boksi (motar a-kori-kura) ma na ja. In ka kira, labarin ɗaya ne. Kwantena ta iso tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, tana hannun kwastan, kuɗin fitarwa ne ya rage, wanda ya biya rabi yau za a rubuta sunansa, kuma farashin gobe ba na yau ba ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita ke kama mutane, domin kowa ya san yadda fam ke faɗuwa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Da gaskiyar da kowa ya sani suke lulluɓe ƙaryarsu.

Buƙatar kuwa ta gaske ce. Tun da sojoji suka karɓe Sinja daga hannun dakarun RSF a Nuwamban 2024, da Madani a Janairun 2025, mutane ke ta komawa gidajensu. Ga ɓaraguzan da za a kwashe, ga tsakar gida da ke son ciko kafin damina, ga taki da za a kai gona, ga yashi da tsakuwa na gyaran katanga. Hayar gallab, wato babbar motar tifa, ta yi tsada saboda gas, kuma direbanta ba zai shiga lungu don ɗan kaya kaɗan ba. Tirelar famfon hannu ta dace da wannan hali: ba ta son batir, ba ta son inji, ba ta dogara da tiyon man tarakta ba, mutum ɗaya zai juye abin da mutum uku za su daɗe suna saukewa da shebur. Ni ba na kushe ta. Akwai masu ƙera ta da kyau a garuruwanmu, kuma in an yi ta da ƙarfen kirki tana shekaru tana aiki.

Da yawa cikin waɗanda suka biya ba su ga ko noti ba. Yau a ce mota ta taso, gobe a ce ta lalace kafin Kasala, jibi a nemi ƙarin kuɗin hanya, daga nan waya ta daina shiga.

Amma suna kai wa wasu 'yan kaɗan kaya, don a gani a gari a ce ai wane ya karɓi tasa. Irin wannan ce wani dattijo ya jawo mini da taraktan maƙwabcinsa daga wani ƙauye. 'Ya'yansa biyu da ke aiki a Saudiyya ne suka haɗa riyal suka saya masa.

Ya ce, "Usta, duba mini abin nan. Ba kaya tana tashi, da kaya ta ƙi."

Na ce, "Baba, nawa aka ce maka tana ɗauka?"

Ya ce, "Tan 5, ɗana. Haka aka rubuta a jikinta."

Haka kuwa aka rubuta, da farin fenti, manyan baƙaƙe. Na fara da tayoyi, domin taya ba ta ɓoye ƙarfinta, yana rubuce a gefenta. Biyu ne, na ƙaramar motar shiga, 175/70 R13, a gaban lambar an sa 82. Wannan 82 ɗin ma'anarta kowace taya iyakarta kilo 475. Biyun a haɗe kilo 950 ke nan, ba su kai tan ɗaya ba, kuma nauyin tirelar kanta yana ciki. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ma na tsohuwar ƙaramar mota ne, an yanka an yi masa ƙari a tsakiya. Na auna fallen ƙasan akwatin, milimita ɗaya da rabi. Mu in za mu yi ta yashi ba ma sa ƙasa da milimita 3, ta dutse kuwa 4. Bambancin ba ƙarami ba ne: murabba'in mita na falle mai milimita 3 yana kai kilo 23 da rabi, mai ɗaya da rabi bai cika kilo 12 ba. Rabin ƙarfen suka cinye. Lodi ɗaya aka yi mata amma ƙasan ya riga ya lotsa tsakanin ƙarafunan gicciye kamar gwangwanin madara da aka taka. Da na kankare fentin kusurwa da sukundireba, sai na ga ba a ja walda ba, ɗige-ɗige aka yi nesa da juna, aka cike tsakaninsu da ƙullin gyaran jikin mota, aka fesa fenti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin ɗagawar. Maimakon doguwar silinda da famfonta da tankin mai, jak ɗin canjin taya suka liƙa, mai siffar kwalba, an manna masa takarda mai cewa tan 20. Ko da ƙarfin nan gaskiya ne, sandar irin wannan jak ba ta fita fiye da kimanin taƙi ɗaya, kuma a tsaye aka yi shi ya yi aiki. In ka dasa shi can gaban akwati, akwatin ba zai karkata sosai ba. In ka matso da shi kusa da inda akwatin ke juyawa don ya karkata, nauyin da ke kansa ya ninka, sai mazauninsa ya tsage. Na Baba ya riga ya fara tsagewa. Busasshen yashi da kansa yana tsayawa tsibi a karkatar da ta kai wajen digiri 34 ba tare da ya zame ba. Jiƙaƙƙe ya fi haka riƙo, baƙar lakar Gadarif kuwa mannewa take yi. Shi ya sa ake son akwati ya tashi digiri 45 ko fiye. Wannan ko ba kaya ba ta kai 30 ba. Ke nan ko da ta iya ɗagawa, da shebur za a ƙarasa.

Ku riƙe wannan lissafi, zai yi muku amfani a gaban kowane mai sayarwa. Akwati mai tsawon mita 3, faɗin mita 1.8, zurfin rabin mita, yana cin mita kubik 2.7. Mita kubik ɗaya na busasshen yashi wajen tan 1.6 ne, in ya jiƙe yana kusantar 2. Cike da yashi, wannan akwati ya haura tan 4, da damina ya wuce 5. Taki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ke gwada wa mai saye da busasshen taki ko buntu. Famfon hannu kuma ba sihiri ba ne. Da yawansu bugu ɗaya yana tura man da ya kai mililita 25, silinda mai cin lita 4 kuwa tana son bugu 160 kafin ta kai ƙarshe, kuma bugun farko-farko su suka fi nauyi. Bidiyon da za ka ga an buga sau goma akwati ya miƙe, ko dai an ƙara masa gudu, ko akwai famfon lantarki a ɓoye, ko abin da ke ciki ba yashi ba ne.

Sannan babu sandar tokare. Kowace tirelar juye ta kirki tana da ƙarfen da ake tokare akwati da shi idan ya tashi, don kada mai ya zurare ya faɗo. Na ɗaga ta Baba ba kaya, na yi alama da alli, kafin mu gama shan shayi ta sauko da kanta. Ku tuna su wa ke leƙa ƙarƙashin akwati idan kaya ya maƙale: yaran gida ne, masu son taimako. Asarar kuɗi ana mayarwa, wannan kuwa maganar rai ce.

Akwai kuma wani ɓangare da ban so mu kawar da kai daga gare shi. Wani lokaci sukan kawo tirela mai kyau ƙwarai, ƙarfe mai kauri, silinda ta asali, a farashin da bai kai kuɗin ƙarfenta ba. Ka duba wuyanta, inda ake liƙa farantin maƙera da lambar shasi, sai ka ga an goge da garanda an shafa sabon fenti. Kowa ya san yawan taraktoci da kayan noma da aka wawashe a Jazira da Sinnar lokacin da aka mamaye su. Mai irin wannan tirela yana nan da ransa, wataƙila yana gudun hijira a makarantar da ke bayan gidanka. Dokar laifuka ta 1991 ta tanadi hukunci a sashe na 181 ga wanda ya karɓi kayan sata, kuma ko ba doka, ban ga albarkar da za a samu a gonar da aka kai wa taki da kayan wani bawan Allah da aka kora daga gidansa ba.

Yadda suke shiga cikinmu shi ya fi yi mini ciwo. Ba da Larabci kaɗai suke zuwa ba. Suna da mai jin Hausa sosai, wanda zai gaishe ka da kyau, ya tambayi asalinka, ya ce ai kakansa ma daga Sakkwato ko Haɗeja ya taso a hanyar hajji. Daga nan sai su nemi wani mai mutunci a unguwa, su ce duk sunan da ya kawo yana da la'ada. Shi bawan Allah sau da yawa bai san komai ba, ya ɗauka alheri yake jawo wa jama'arsa, sai ga shi mutuncin da ya tara shekara da shekaru ya zama jarin 'yan damfara. Akwai matan da suka zuba kuɗin adashinsu don su riƙa ba da tirelar haya, saboda kawai sun ji sunan wanda suka yarda da shi. Iyayenmu limamai da masu unguwa, ku yi haƙuri da maganata: kada ku ari bakinku ga kayan da idonku bai gani ba.

Ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, suke karɓar kuɗi, tunda tsabar kuɗi ta yi wuya, musamman bayan canjin takardun fam 500 da 1000 a Disamban 2024. Laifin ba na manhajar ba ne. Ita tana nuna maka sunan mai asusu kafin ka tabbatar, kuma a nan za ka ga sunan ba na wanda kuke magana da shi ba ne. Zai ce na ƙaninsa ne, ko na matarsa, ko na mai fitar da kaya a tashar jirgin ruwa. Da ka ji haka, ka tsaya.

Wanda ke son saye da gaske, gani ya kori ji. Ka je inda tirelar take da ƙafarka, tare da mai walda ko makaniken da kai ka zaɓa. A cika ta da yashi a gabanka har baki, ka buga famfon da hannunka, ka ga ta juye ba tare da an sa shebur ba. A sake lodawa, a ɗaga rabi, a yi alama a jikin sandar silinda, a bar ta kwata na awa, kowa ya tsaya nesa, a ga ko za ta sauko, a duba ko mai na tsiyaya a bakin tiyo. Ka karanta lambar gefen taya. A rubuta takardar ciniki da cikakken sunan mai sayarwa da lambarsa ta ɗan ƙasa, da shaidu biyu, kuma asusun da za ka tura wa ya zama mai wannan sunan. Mai kayan kirki ba ya ƙin ko ɗaya cikin waɗannan. Ku kuma da ke Saudiyya, hoton da aka turo muku ba shaida ba ne. Ku aika kuɗin ga ɗan'uwa amintacce ya riƙe, sai an gama gwajin nan ya biya.

Waɗanda suka riga suka tura kuɗi, kada kunya ta sa ku yi shiru, da shirunku suke samun na gaba. Ku adana takardar shaidar tura kuɗin, da lambar asusun, da saƙonnin murya, ku ɗauki hoton shafin tun bai ɓace ba, domin suna yawan canja masa suna. Ku nemi juna ku je ofishin mai gabatar da ƙara tare, ku shigar da ƙarar zamba ƙarƙashin sashe na 178. Ƙarar mutum da yawa a kan asusu ɗaya ta fi saurin motsawa.

In kuma akwai irin wannan tirela a gidanku yanzu, kada a ƙara yi mata lodi sai mai walda ya duba mazaunin jak ɗin da waldar kusurwoyi, ya sa mata sandar tokare. Kafin nan a cire hannun famfon a ɓoye shi inda yara ba za su kai ba.