Garejin da Ke Tada Mota Daga Gawar Hilux a Garwa

A wani gareji da ke kan hanyar Marwa a garin Garwa na Kamaru, ana karɓar Toyota Hilux da ta yi haɗari, a bar shasi da inji da giya, a ƙera mata sabon bodi. Na kai musu tawa, kuma aikin waldarsu ya gamsar da ni ƙwarai, domin sun ƙarfafa duk inda shasin ya tsage kafin su mayar da injin dizal samfurin da ake kira 3L, mai lita 2.8, wanda kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Haɗin wayoyin lantarki kuwa bai kai haka ba, don fitilu kan ɗauke a gargada. Kafin a biya ko sefa ɗaya, a tabbata lambar shasi ta dace da takardun mota, saboda jandarmomi suna dubawa.