Man matatar SORAZ ta Damagaram, a idon direban da ke shan sa

Sana'ata jigilar kaya tsakanin Damagaram da Maraɗi, kuma tun da matatar SORAZ ta fara aiki a watan Nuwamban 2011, kusan duk man da nake zuba wa motata daga can yake fitowa. Matatar tana arewa da birnin Damagaram, a kan hanyar Tanut, kuma ta samu ne daga yarjejeniyar da gwamnatin Tandja Mamadu ta ƙulla da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2008, wadda a ƙarƙashinta Sinawa suka haƙa rijiyoyin Agadem a jihar Diffa, suka shimfiɗa bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 zuwa Damagaram. Kashi 60 cikin ɗari na matatar na CNPC ne, kashi 40 na Nijar.

Ta fuskar inganci ba ni da abin kushewa. Kafin zuwan matatar, yawancinmu wurin ƴan ruwa-ruwa muke shan mai, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki ana sayarwa a kwalabe a bakin titi. A lokacin yana da arha, amma mutum ba ya sanin abin da aka gauraya masa, kuma na taɓa kwana biyu a garejin wani bakanike saboda man da wani mai kwalba ya sayar mini da ruwa a ciki. Man da SORAZ ke tacewa, wanda kamfanin gwamnati na SONIDEP ke rarraba wa gidajen mai, yana ƙonewa da kyau, injin ba ya tari da safe, filtar man mota kuma ba ta saurin toshewa duk da ƙurar hanyarmu. Abokan aikina masu manyan motocin gazuwal ma haka suke faɗa. A gida kuwa, gas ɗin girki da matatar ke fitarwa ya rage wa iyalina sayen itace, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da hamada ke cin gonaki.

Farashi ma ya zauna fiye da yadda na zata. Litar fetur ta daɗe a kan sefa 540, sannan a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage ta zuwa 499, wato kusan dala ɗari a lissafinmu na kasuwa. Direban da ya san abin da zai kashe a mai kafin ya tashi yana iya yanke kuɗin dako ba tare da fargaba ba, kuma wannan kwanciyar hankali ita ce babbar ribar da na samu daga wannan haɗin gwiwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan man. An gina matatar don ta tace ganga 20,000 a rana, kuma a lokacin hakan ya ishi ƙasar har da rarar da ake sayar wa maƙwabta, domin man sumoga na cike wani babban gurbi. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man kwalba ya daina arha, jama'a suka koma gidajen mai, motoci da babura kuma sun ƙaru sosai, amma matatar tana nan yadda aka gina ta. Sakamakon haka muka gani a watan Maris na 2025, lokacin da layuka suka miƙe a gidajen mai a Yamai da sauran garuruwa. Ni kaina na shafe yini guda a layi da kayan mutane a bayan mota, kuma ciwon abin shi ne a daidai wannan lokaci akwai bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da aka gina don kai ɗanyen manmu tashar ruwan Seme a Benin, wanda aka fara lodin jirgi daga gare shi a watan Mayun 2024. Ƙasar Sin na buƙatar ɗanyen mai, don haka jarinta ya fi karkata ga fitar da shi, alhali buƙatar direba tataccen mai ne a famfo.

Akwai kuma abubuwan da ke sa mai saye ya damu da gobe. A watan Afrilun 2024 Nijar ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da ruwa kashi 7 cikin ɗari, wanda za a biya da ɗanyen mai. A watan Maris na 2025 kuma hukumomi suka sallami manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai daga ƙasar, bisa ƙorafin tazarar albashi tsakanin Sinawa da ma'aikata ƴan ƙasa. Ina goyon bayan a biya ɗan ƙasa daidai da aikinsa, amma duk saɓanin da ya taso tsakanin masu matatar, mu masu jira a famfo ne muke fara jin zafinsa.

Ga direban da ke bin wannan hanya, shawarata ita ce ya sha mai a gidan mai mai lasisi ko da na kwalba ya fi kusa, ya kuma cika tanki a Damagaram kafin ya kama hanya, musamman idan Tanut ko Diffa ya nufa, inda gidajen mai suke da nisa da juna.