Mai gyaran da ya fara da shimfiɗa kwali

Injin wankina mai buɗewa ta gaba ne, mai cin kaya kilo 7, shekararsa huɗu a gidan nan. Bayan ƙaramar salla ya fara yoyo. Da fari tayil kawai yake ɗan jiƙawa, in sa tsumma in goge, har ranar da ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mini kafet ɗin falo.

Wanda na fara kira ko durƙusawa bai yi ba. Leƙawa ɗaya ya ce famfon da ke fitar da ruwa ne ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Na ce sai maigida ya dawo. Allah ya so ni ban biya ba.

Na biyun maƙwabciyata ce ta haɗa mu, shagonsa na wajen Sabon Gari, firji da injin wanki yake gyarawa. Ya ce ƙarfe 10 na safe, bai iso ba sai bayan azahar, har na fitar da rai. Amma da zuwansa tambaya ya fara yi: "Hajiya, yaushe ruwan ke fita? Yana ɗiba ne, ko yana tsakiyar wanki, ko sai ya zo matse kaya?" Wallahi ban taɓa lura ba, ni dai ruwa nake gani a ƙasa. Ya ce kowanne da inda yake nunawa. In lokacin ɗiba ne, a duba tiyon baya da 'yar robar bakinsa, ko aljihun zuba sabulu. In ana cikin wanki ne, yawanci robar ƙofa ce ko kumfa ya yi yawa. In kuwa sai ya zo matse kaya yana zubar da ruwa, to a nan ne ake zargin filta mai tace datti, tiyon fita ko famfo.

Sai ya ce a ba shi kwalin taliya. Ya farke shi, ya shimfiɗa a ƙarƙashin injin, muka tayar da janareta, ya kunna shi babu kaya a ciki. Ba a jima ba ya jawo kwalin. Bayansa a bushe ƙayau, gabansa kuwa, daidai saitin ƙofa, sharkaf. Ya zare wuta daga soket tukuna, sannan ya banƙare robar ƙofar da yatsa ya haska tocila. Ga tsaga nan a ƙasa, ba ta fi farce ba, ga kuma fil ɗin mayafina kwance a lungun robar ya yi tsatsa. Kunya ta kama ni.

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe 'yar ƙofar da ke can ƙasa, wadda ban ma san tana buɗuwa ba, ya tara faranti, ya murɗe filtar. Baƙin ruwa mai wari ya fito, tare da maɓalli uku, safar jariri da ƙwallon dabino biyu, na azumi ke nan daga aljihun yara. Rariyar da ke bakin tiyon shiga ita ma ta cika da yashin ruwan burtsatse. Famfon da aka ce ya mutu kuwa lafiyarsa lau.

Faɗan da ya yi mini kan sabulu bai yi mini daɗi ba, musamman a gaban 'yar aikina, amma gaskiya ya faɗa. Garin wankin hannu nake zubawa har kofi biyu, shi kuma irin wannan injin ruwa kaɗan yake sha, sabulu marar yawan kumfa yake so.

Washegari ya kawo sabuwar roba, ya faɗa mini ƙarara ba ta kamfanin ba ce, amma daidai take. Kuɗinta ya fi kuɗin aikinsa. Ya ɗaura ta, ya mayar da wayar da ke riƙe bakinta, ya daidaita ƙafafun injin saboda yana ɗan rawa.

Inda ya gaza: babu rasit, garanti sai na baki, kuma ya bar mini ƙazamin ruwan nan a ƙasa ya tafi. Duk da haka shi zan sake kira. Sati uku ke nan, sabon kwali na sa a ƙarƙashi, duk Asabar in jawo in duba, har yau ko ɗigo babu.