Nikon Aculon 8x42 a farautar rani: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Idan ka ga madubin hangen nesa an rubuta masa 60x60 ko 80x80 a jiki, gilasan gabansa ja jawur, mai shago kuma yana ta rantsuwa wai har da dare yana gani, ka ajiye masa kayansa. Lambar farko tana nufin sau nawa madubin ke jawo abu kusa, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Babu hannun da zai riƙe abin da ke jawowa sau 60 har a ga wani abu, numfashinka kaɗai ya isa ya sa hoton ya yi ta rawa. Da an haura sau 10 ko 12, sai an samo masa ƙafa an ɗora shi a kai. Wani maƙwabcina a Rigasa yana da irinsa, muka sa rular 'yan makaranta muka auna, gilashin da aka ce milimita 60 ne ko 40 bai cika ba. Wasu har sunan Bushnell ko Nikon ake buga musu, alhali kamfanonin ba su san da zamansu ba. Shi kuma jan shafen nan ba haske yake ƙarawa ba, launin ja yake korewa, sai daji ya koma shuɗi-shuɗi, fakara da busasshiyar ciyawa su saje. Maganar gani da dare kuwa, madubi ba ya ƙirƙirar haske, wanda ya tarar yake tattarawa.

Nawa Nikon Aculon A211 ne, mai lamba 8x42. Na saye shi a wani shagon kayan kyamara da ke kan titin Ahmadu Bello, sabo a kwalinsa, da jaka da igiyar ratayawa da marufai. Lokacin da na saya, a Amurka kuɗinsa bai yi nisa da dala 100 ba. A nan kuwa, tun da aka saki naira a 2023, sai dai ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin shigowa da ribar mai shago. Ga mai albashi irina ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma a cikin madubai na gaskiya yana sahun ƙasa, tunda akwai na Swarovski da Zeiss da guda ɗaya ya haura dala 2,000.

Mai shagon ya so in ɗauki ɗan'uwansa mai lamba 10x50. "Alhaji, wannan ya fi jawowa, maharba shi suke nema." Na ce masa, "Malam, ni ba dutsen Kajuru zan hau in leƙa Kachia ba." Farautarmu ta fadama ce da gonakin da aka girbe da bakin ruwa, a ƙauyukan da ke bayan Maraban Jos inda muke da 'yan'uwa. Abin da kake nema galibi bai wuce mita 50 zuwa 200 da kai ba, kuma ba tsaye yake yana jiranka ba. A irin wannan wuri, faɗin abin da madubi ke nunawa ya fi ƙarfin jawowa amfani. Mai 8x42 yana nuna faɗin mita 140 a nisan mita 1,000, mai 10x50 kuma 114. A takarda bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ranar da garken zabi ya watse cikin karan dawa, kana bin ɗaya kana son sanin inda sauran suka nufa, za ka gane shi. Ga kuma nauyi: nawa kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ne, wancan gram 900, kuma wuyanka ne zai ɗauka tun asuba har hantsi.

Sannan ga hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da hunturu ya sauko da ƙurarsa, madubi mai ƙarfi hazon yake jawo maka kusa, ba abin da ke bayansa ba. In rana ta take kuma kawalwainiya ta tashi daga ƙasa, mai 10 ya fi mai 8 nuna rawarta.

Akwai lissafi guda da nake so duk mai saye ya riƙe. Raba lamba ta biyu da ta farko. 42 a raba da 8 ya ba da 5 da 'yan kai, wannan shi ne faɗin hasken da ke fitowa ya shiga idonka, a milimita. Ƙwayar idon matashi takan buɗe har kusan milimita 7 a duhu, ta wanda ya manyanta takan tsaya wajen 5. To nama da sassafe yake fita da kuma dab da magariba, daidai lokacin da ido ya buɗe yana neman haske. Ƙananan nan na aljihu masu lamba 10x25 milimita 2.5 kacal suke bayarwa. Da rana tsaka ba laifi, amma ka kara shi a ido bayan sallar asuba, sai ka tarar idonka ya fi shi gani. Da Aculon ɗin nan, gari bai gama wayewa ba nake rarrabe zomo da kututture a bakin gona.

Ƙirarsa irin ta da ce, mai kafaɗa, wadda gilasan gaba suka fi na ido nisa da juna, masu sana'ar suna ce mata Porro. Samari sun fi son miƙaƙƙun nan sirara don sun fi kyau a hoto. Sai dai miƙaƙƙen madubi yana buƙatar shafe mai tsada a kan gilasan ciki da ke juya hoto kafin ya fito tas, kuma daidai nan ake rage kuɗi a masu araha. Mai kafaɗa ba ya buƙatar wannan shafen. Saboda haka in kuɗin ɗaya ne kuma kaɗan ne, mai kafaɗa ya fi haske, ya kuma fi nuna maka wace bishiya ce gaba, wace ce baya. Tsakiyar hoton tas take. Can gefe-gefe tana ɗan dusashewa, kuma in ka kalli hasbiya a kan reshe da farin sama a bayanta, za ka ga ɗan zaren launi a gefen jikinta. Ni bai dame ni ba, abin da nake nema a tsakiya nake sa shi.

Ba yawan nama ne ya biya ni kuɗina ba. Zabin gida sukan yi nisa da ƙauye da ruga su shiga gonaki kiwo, daga nesa kuma ba ka raba su da na daji. Da madubi kana hango masu farin ƙirji ko farin fiffike a cikin garken, ka san na mutane ne, ka wuce abinka. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai unguwa a kan zabuwar wata Bafulatana ya san abin da nake faɗa. Abin da ya fi wannan girma shi ne ciyawa ta motsa, ka duba, ka ga ashe yaro ne mai kiwo ko mace mai itace. Tsautsayin farauta yawanci daga nan yake faruwa, daga ɗaga makami a kan motsi. Ni yanzu madubi nake fara ɗagawa.

Kawuna, wanda ya koya mini bin sawu, da farko ko taɓa shi bai yi ba. "Mu da ido da kare muka ci daji, ɗana." Da ya yarda ya kara a ido sai ya ce dishi-dishi yake gani, kayan banza ne. Na ce, "Kawu, ku ɗan dakata, ba a saita muku shi ba." Idanun mutum biyu ba lallai ƙarfinsu ya zama ɗaya ba, shi ya sa aka yi zobe a gilashin ido na dama. Da farko ka lanƙwasa madubin har da'irar nan biyu ta haɗe ta zama ɗaya. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka juya abin murɗawa na tsakiya har idon hagu ya ga abu sarai. Ka koma ka rufe na hagu, ka juya zoben dama shi kaɗai. Shi ke nan, daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Da muka yi masa haka ya daɗe yana kallon wasu kirinjijiya a ƙetaren ruwa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Yana gani. Amma ba ya jin wari, kada ka sayar da karenka."

Inda yake da iyaka shi ne ba a like shi ba. Kamfanin bai ce yana hana ruwa shiga ba, kuma kada wani ya ce maka robar jikinsa ita ce kariya, robar don riƙo ce da rage bugu. Wannan bai hana ni saye ba, domin da damina ba na fita: lokacin zabi suke kwanci, ciyawa ta rufe ko'ina, gonaki kuma cike da shuka. Amma inda ruwa zai bi, ƙura ma za ta bi, sai ya zama in ba kallo nake ba yana cikin jaka. Mai bin agwagin ruwa a kwalekwale wajen madatsar Kangimi, ko mai gadin gona da damina, gara ya ƙara kuɗi ya nemi wanda aka like aka cika da iskar naitirojin, irin Nikon Action EX ko Celestron Nature DX. Mai sa tabarau ma can ya kamata ya nufa. Tazarar da Aculon 8x42 ya bar wa ido milimita 12 ce, mai tabarau kuwa yana buƙatar 15 ko fiye kafin ya ga da'irar gaba ɗaya, su kuma masu lamba 8 na waɗancan biyun suna da wajen 17.

Za ka ji ana yabon madubin kamfanin Vortex saboda garantinsu da ba ya ƙarewa, kuma gaskiya ne sukan gyara ko su canza. Sai dai kamfanin yana jihar Wisconsin ta Amurka, ka fara lissafa kuɗin aika kaya daga Kaduna kafin ka sa wannan a ma'auni. Masu zum kuwa, wato waɗanda ake ƙara wa ƙarfin jawowa ko a rage, irin waɗanda ake rubuta wa 10-30x50, ba na ba kowa shawararsu: abin da suke nunawa ƙunci gare shi, kuma da ka ƙara ƙarfi sai duhu.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, na hannu mai kyau ya fi masa sabon jabu. Tsofaffin na Japan da na Rasha, 7x35 ko 8x30 ko 7x50, sukan faɗo a wajen masu kayan gwanjo, wasunsu gilashinsu ya fi na sababbin da yawa. Kada ka gwada a cikin shago, fito da shi waje. Haska fitilar waya ta gilashin gaba ka leƙa ciki, in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta kama gilashin, bar shi. Miƙa hannu da shi ka fuskanci sama ka kalli gilasan ido, ya kamata ka ga ɗigon haske biyu zagayayyu. In sun fito da kusurwa huɗu da inuwa a gefe, gilashin ciki mai rauni ne. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na wayar lantarki: saita ta a tsakiya, ka janye madubin daga ido a hankali kana ci gaba da kallo. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to gilasan ciki sun goce, ciwon kai kawai zai ba ka, gyaransa kuma ba aikin mai gyaran agogo ba ne. Ko sabo ne a kwali ka yi masa wannan gwajin, in ta intanet ka yi oda kuma, ka nemi wanda za ka biya bayan kaya sun iso hannunka.

Gilashi dai kada ka goge shi da gefen riga ko hula. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, tana karce shafen da ka biya kuɗi dominsa. Ka fara hurewa, ka bi da burushi mai taushi, sannan ƙyallensa. A babur kada ka ɗaure shi a kariya, girgizar hanyar ƙauye ita ke gotar da gilasan ciki, kuma mai kafaɗa ba ya son bugu. Ni a ƙirji nake rataye shi cikin riga. Igiyar ma na kai wa wani baduku a Kasuwar Barci ya ɗinka mini mai faɗi wadda ta gitta ta baya, nauyin ya koma kafaɗu, ya kuma daina lilo in na sunkuya. Da damina ina ajiye shi inda iska ke ratsawa, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Sai maganar da babu ita a kwali. A Kaduna ta yau, mutum da madubin hangen nesa a bakin daji abin tambaya ne. 'Yan banga da sojoji ba su san zuciyarka ba, zargin kai wa 'yan bindiga rahoto kuma ba abin wasa ba ne. Kafin mu shiga ko'ina sai mun gaida mai unguwa, mun sanar da 'yan bangan garin, kuma ba ma shiga sai da ɗan gari. A hanya ba na fito da shi, balle kusa da Jaji ko Mando ko Afaka inda sojoji suke. Gandun Kamuku na Birnin Gwari kuwa tun 1999 ya zama gandun ƙasa, doka ta hana farauta a cikinsa ko da hanyar lafiya lau take. Rasit ɗin shago yana cikin jakar a naɗe a leda, in aka tsayar da mu a shinge ba na jira a bincika, ni nake fara buɗewa in ce, "Yallaɓai, madubin farauta ne, ga takardarsa."