Na yi odar faifan Tatsuro Yamashita daga Japan, ga yadda muka kwashe

Ni dai ko "zo in kashe ka" ba na ji da Japananci. YouTube ne ya jawo mini wannan ciwon. Wani dare ina lissafin cinikin shago ya jefo mini waƙar Plastic Love ta Mariya Takeuchi, kamar yadda yake ta jefa wa jama'a tun wajen 2017. Na saurara, na maimaita, kafin in kwanta har na gano cewa mijinta, Tatsuro Yamashita, shi ne ya tsara kiɗan. Na tafi Spotify neman nasa faya-fayan, wayam. Ashe mutumin ƙin sa su ya yi da gangan. Na YouTube kuma yau ka gani, gobe an sauke.

Shi ya sa na bi ta ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke saya wa mutum kaya a kasuwannin gwanjon Japan na intanet, su tara a sito, su aiko gaba ɗaya. Kun dai san su. CD uku na ɗauka, duk na hannu: For You na Yamashita na 1982, Variety na matarsa na 1984, sai Hikokigumo na Yumi Arai na 1973, wanda ta fitar tana da shekara 19. Kuɗin kawowa ya fi kuɗin faya-fayan ukun in an haɗa, amma wannan ba labari ba ne ga wanda ya taɓa yin oda.

Ranar da kwalin ya iso na ce lallai Japanawa sun iya mutunta kaya. Kowane faifai da ledarsa, an naɗe da ledar nan mai ƙurajen iska, an toshe kusurwoyi da jarida. Mai sayar da Variety har 'yar takarda ya saka da rubutun hannu, na haska ta da waya ta fassara mini, godiya ce kawai. A raina na riga na ba su tauraro biyar.

Sai na buɗe For You.

A hoton da mai sayarwa ya sa akwai obi, wato siririyar takardar da Japanawa ke ɗaura wa faifai a gefe, mai ɗauke da suna da farashi. Masu tara faifai sun san faifan Japan da babu obi kamar riga ce babu hula. Nawa babu. Maimakon haka wata ƙatuwar sitika ce manne a bayan gidan, wata kuma zagaye da ramin faifan. Na sake haskawa da waya: na haya ne. A Japan akwai shagunan da ke ba da hayar CD kamar yadda muka yi zamanin hayar kaset ɗin bidiyo, in sun gaji da shi su karyar. Wato faifan da aka rubuta mini "yana da kyau" Allah kaɗai ya san hannu nawa ya ratsa. Na juya shi ga haske, ga karce ya faro daga baki ya yo ciki.

Na daure na saka a tsohuwar rediyona. Waƙar farko ita ce Sparkle, kuma don ita na sayi faifan. Wanda ya san ta ya san yadda take farawa, jita ce zalla Yamashita ke sara ita kaɗai kafin ganga da sauran kayan kiɗa su faɗo. Daidai nan faifan ya shiga in'ina. Cak, cak, cak, ya koma baya, ya sake. Sau huɗu ina cirewa ina gogewa da gefen riga. Har makilin na shafa masa, dabarar da muka gada tun zamanin faifan fina-finai, a banza. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wannan ne abin da aka yi wata guda ana jira?" Ban tanka ba.

A daren na rubuta wa kamfanin saƙo mai zafi. Amsar ta zo da ladabi kamar a wanke a sha, amma ba komai a ciki. Wai su dillalai ne, ba sa buɗe kaya sai an biya kuɗin dubawa, kuma kwanakin da za a iya yi wa mai sayarwa ƙorafi sun ƙare tun kayan na sito ina jiran sauran biyun su taru. To wa ya ce in tara? Ba su ne suka ce tarawa ta fi sauƙi ba?

Washegari na ɗauki rediyo da faifan na kai wa wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Ya ɗaga faifan ya duba, ya tambaye ni waƙa ta nawa ce ke tsalle. Na ce ta farko. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai CD daga ciki yake fara karatu ya yo waje, ba kamar faifan garmaho ba. Wannan karcen bai kai ga waƙar farko ba. Idon rediyonka ne ya sha ƙurar hunturu." Ya kwance murfin, ya dangwali sifirit da auduga ya share ɗan gilashin, ya mayar. Sparkle ta tashi tas, ba ko tari. Mai sayar da caja a maƙwabcin shago har ya miƙo kai yana tambayar wane ne wannan. Na tsaya a wurin kunya ta ishe ni, ina tuna saƙon da na aika jiya.

Kuma gaskiya faifan ya cancanci wahalar. Sautin ya fi na YouTube nesa ba kusa ba, kana jin kowane abu a mazauninsa. Akwai 'yan gajerun gaɓoɓi tsakanin waƙoƙi inda muryarsa ce kawai ya jera bisa juna, babu kayan kiɗa ko ɗaya, da can ban san da su ba. Variety ma lafiya lau, Takeuchi ce ta rubuta duk waƙoƙin ciki da kanta, sai dai Plastic Love ta faifan ba ta cika minti biyar ba, na saba da doguwar ta intanet sai na ji kamar an yi mini ƙwange. Na Yumi Arai na sauraro da maraice ne, fiyano da murya suka fi fitowa, ban gama sabawa da shi ba.

Har na zauna zan rubuta musu ban haƙuri, sai na bar For You ya kai ƙarshe a karon farko. Waƙar ƙarshe, Your Eyes, ita ce da Turanci, wato ita kaɗai nake fahimtar abin da yake faɗa daga farko har ƙarshe. Tana tsakiya faifan ya tsaya cak. Nan karcen yake zaune. Na gwada a mota, na gwada a kwamfutar ƙanena, wuri ɗaya yake maƙalewa. Dattijon ya yi gaskiya, amma ni ma ban yi ƙarya ba. Na fasa ban haƙurin.

Tauraro uku zan bayar, shi ma don mai Variety da takardarsa. Abin da kamfanin ya iya yi shi ne ba ni ɗan rangwame a oda ta gaba, wanda ko kuɗin kwali bai kai ba. Hoton da ke ɗauke da obi kuwa har yau ba wanda ya ce mini uffan a kansa. Sitikar hayar na gwada ɓamɓare ta da kananzir, rabi ya fita, rabi ya bar danƙo yana kwasar ƙura.