Sharhi kan musictheory.net ga ɗalibin da ya fara karatun kiɗa

Ɗalibin da ya shiga kwaleji bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba, makon farko kan zo masa da nauyi: layuka biyar, ɗigo-ɗigo baƙaƙe, malami kuma yana gaba abinsa. Shafin musictheory.net, wanda Ricci Adams ya gina, ya dace da wannan ɗalibin. Kyauta ne a intanet, da Turanci yake, kuma ya kasu uku: darussa, atisaye da kayan aiki. Manhajarsa ta waya, Tenuto, ita ce ta kuɗi.

Darussan gajeru ne, jumla ɗaya da zane ɗaya a lokaci guda, ka danna ka wuce. Amma ƙarfin shafin yana wajen atisaye, domin kai ke saita abin da za a tambaye ka. Nan mutane ke yin kuskure, su bar komai a buɗe, sai tambayoyi su yi musu rubdugu. Ka fara da alamar G kaɗai, wato alamar da ake sa wa a farkon layukan don sautuka masu tsayi: layukanta daga ƙasa E, G, B, D, F, tsakankaninsu kuma F, A, C, E. Minti 10 a rana ya isa. Sai ka daina ƙirge da yatsa kafin ka buɗe alamar F, ta sautuka masu kauri, wadda layukanta G, B, D, F, A ne. Wanda ya haɗa su tun farko zai riƙa karanta layin ƙasa na alamar F a matsayin E, alhali G ne, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar kankarewa.

Darasin taki ya fi kowanne muhimmanci: rabin taki shi ne matsawa daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi, biyunsu kuma cikakken taki ne. Daga C zuwa C na gaba akwai rabin taki 12. Tsakanin E da F, da tsakanin B da C, babu baƙin maɓalli a fiyano, don haka rabin taki ne. Wanda bai riƙe wannan ba, jerin mejo, wato do-re-mi, zai ruɗe shi, domin tsarinsa cikakke, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi ne. Gwada shi daga G: za ka ga dole F ta zama F♯ (F shaf, wato an ɗaga ta da rabin taki), in ba haka ba takin ƙarshe ya lalace. Daga nan jerin da shaf ke bi wajen ƙaruwa, wato F, C, G, D, A, E, B, ya tashi daga hadda ya zama abin da ka san dalilinsa.

Na yaba yadda shafin ya raba tazarar sauti, wato nisan da ke tsakanin sauti biyu, gida biyu: ƙirga haruffa tukuna, sannan rabin taki. C zuwa E♭ (E da aka sauke da rabin taki) ta uku ce ƙarama, rabin taki 3. D♯ maɓalli ɗaya ne da E♭, amma C zuwa D♯ ta biyu ce da aka faɗaɗa, saboda haruffa biyu ne kawai. Ɗalibai da yawa na faɗuwa a nan don sun dogara da kunne ko maɓalli kawai.

Sai dai allo ba ya jin ka. Za ka iya cin tambaya 50 a jere kan haɗin C, E, G, wato sautuka uku da ake bugawa tare, amma a buga maka shi da na A, C, E ka kasa bambance na farkon, mejo, da na biyun, maino. Akwai atisayen kunne, kuma bai kamata a bar shi sai ƙarshe ba. Ka zaɓi tazara biyu kawai, ta uku babba da ta biyar, ka rera kowace da bakinka kafin ka amsa.

Haka batun bugu. Shafin zai nuna maka cewa 3/4 da 6/8, lambobin da ke nuna tsarin bugu, duk gajerun sautuka shida ne a awo ɗaya, wato kowane yanki na kiɗan, na farko biyu-biyu sau uku, na biyu uku-uku sau biyu. Karantawa ba za ta sa maka shi a jiki ba. Ka tafa shidan da hannu, ƙafarka tana dukan farkon kowane rukuni, a hankali, har bambancin ya fito. In da fiyano ko ƙaramin kibod kusa, ka ajiye shi gefen kwamfutar, duk abin da ka amsa ka danna shi ka ji.