Hattara da mai jakar kamarori da ke zagayar masu ɗaukar biki a Maraɗi

Ƴan uwa masu ɗaukar bidiyon biki da suna, akwai wani mutum da ke yawo bisa mashin da baƙar jaka cike da kamarori. An gan shi wajen Babbar Kasuwa, an gan shi a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo. Ba shi da shago, ba ya ba da takardar ciniki, da ya karɓi kuɗi kuma wayarsa ta daina shiga. Makon jiya ƙanena ya faɗa hannunsa.

Yaron yana aiki ne da tsohuwar kamarata da na bar masa, mai ɗauka a kati. Ya ɗauko wani suna, ya zuba a kwamfuta zai yi montaj, wato aikin yanka da haɗa bidiyo, sai ga jama'a duk sun rame sun yi tsawo. Tayar mashin ta koma ƙwai a tsaye, mai jego kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya. Yana cikin wannan zullumi mutumin ya yi sallama. Ya leƙa bayanan fayil, ya ɗora yatsa kan 1440x1080, ya ce: "Ƙanena, ka gani da idonka? HD na gaskiya 1920 ne. Taka ta cinye 480, ta fara mutuwa ke nan." Ya zaro wata mai sheƙi da aka manna wa 4K a gefe, ya ce a yi musaya a cika masa jika 60. Da yamma yaron ya kira ni yana murna: "Yaya, na rabu da matsala!"

Lafiyar kamarar nan ƙalau. Ga abin da ya faru.

Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne, su ake kira fiksal. A waya da kwamfuta kowane ɗigo tsayinsa da faɗinsa ɗaya ne, shi ya sa muke zaton ko'ina haka yake. A kamarorin bidiyo da yawa ba haka ba ne. Wasu matakan tsarin ɗaukar bidiyo na HDV na 2003, da na AVCHD da Sony da Panasonic suka fitar a 2006, suna ajiye ɗigo 1440 a kwance, 1080 a tsaye, amma kowane ɗigo faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 1.33. In an zo kunnawa sai hoton ya miƙe ya cika 1920x1080. A cikin fayil akwai wata ƴar alama mai gaya wa manhaja cewa fasalin hoton 16:9 ne, wato faɗi 16, tsayi 9. In manhajar ba ta karanta ta ba, sai ta bar hoton a matse, mutane su rame. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: a manhajar kunna bidiyo ta VLC ka zaɓi 16:9, a wajen montaj ka sa ɗigo a kan 1.33. Abin da yaro ya biya jika 60 a kai ke nan, ya haɗa da kamara.

Wadda aka ba shi kuwa, fayil ɗinta 3840x2160 yake nunawa, lambar 4K cif. Na sa shi ya ɗauko ni sanye da babbar riga daga taku biyar. Da muka ƙara girman hoton, aikin wuyan ya narke kamar an shafa man shanu, zare ɗaya ba ka gani. Ƙaramin hoto take ɗauka ta hura shi, kamar a ƙara wa kunu ruwa a ce ya yi yawa. Tsohuwar tana fitar da zaren ɗaya bayan ɗaya.

Da na ba da labarin a majalisarmu, wani abokin sana'a ya ce shi ta wata ƙofar aka shigo masa. Mutumin ya jona wata kamara a tele, hoto ya cika allo daga gefe zuwa gefe, ya ce ga HD. Alhali 720x576 ce, irin ta zamanin kasat ɗin MiniDV. Ku raba lambar da kanku: 720 bisa 576 ba 4:3 ba ne, ba 16:9 ba ne. A nan ma ɗigon ne ake miƙewa, kusan sau 1.42, har hoto ya kai faɗin 1024. Faɗi ya samu, amma ɗigon da aka ɗauka suna nan 414,720, na 1920x1080 kuwa 2,073,600, ninki biyar daidai. Akwai ma waɗanda ba sa miƙewar, baƙin layi kawai suke shimfiɗawa sama da ƙasa, layukan hoto 576 su koma 432. Wannan ita mutumin ke kira "sinima". Bakinsa dai akwai zaƙi, wannan ban hana shi ba.

Duk wanda ya kawo muku kamara, kada ku yi ciniki da allonta ko telen da ya zaɓa. Ku sa katinku, ku ɗauki faifai ko tire don ganin ko da'ira ta fito da'ira, ku ɗauki rubutun jarida daga ɗan nesa, sannan ku buɗe a kwamfutarku. Manhajar MediaInfo kyauta ce, tana nuna yawan ɗigo da fasalin allo. Sai dai 4K na hurawa zai wuce ta salin-alin, don abin da fayil ya faɗa take karantowa. Wannan sai ido. In mai kaya ya ce yana sauri, ku bar shi ya yi saurinsa.

Mun kai ƙara kwamisariya. Kamarar tamu baƙa ce, murfin batirinta ya tsage na ɗaure shi da shuɗin salatif, igiyar hannun kuma ta fata ce, wani baduku ya ɗinka mini. Na tabbata yanzu tana cikin jakar nan ana tallanta da sunan HD, kuma karon nan bai yi ƙarya ba. Wanda aka kawo wa ita ya riƙe shi da hira, ya turo mini saƙo.